Kafin a Fere Wayar Mota: Na'urorin Ƙari, Garanti da Gudu a Hanyoyin Ƙonni, Malbaza da Illela

Laraba ce ranar kasuwar Birnin Ƙonni, kuma tun da hantsi gefen gudron ke cika da motoci: masu lambar Nijar, masu lambar Sakkwato, akori-kura shaƙe da buhunan albasa, da ƙananan motocin haya masu jigila zuwa bakin iyaka. A irin wannan rana masu gyaran wutar mota ba sa samun zama.

Za ka ga mutum kwance rigingine, kansa ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, yaronsa tsugune da filaya, salatif da ƴar fitilar gwaji. Mai mota na tsaye da ɗan kwali a hannu, ya sayo wata na'ura yana so a haɗa masa. Tambayarsa ba ta wuce, "Malam, zai daɗe?" Amsar da ake ba shi ita ma sananniya ce: "Alhaji, yanzun nan za a gama."

Sai a fere wayar da kamfani ya rufe, a naɗa mata wata, a ɗaure da salatif, a cusa ƙarƙashin roba. Na'ura ta kama, an biya, kowa ya kama gabansa. Ba kasafai ake tsayawa a tattauna abin da zai biyo baya ba. Idan batir ya fara mutuwa cikin dare, ko fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa a gaban direba, ko hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari, wa zai ɗauki asarar?

Mahaɗar hanyoyi, matattarar motoci

Ƙonni tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi, tafiyar kilomita ɗari huɗu da ƴan kai, sannan ta wuce Malbaza, Galmi da Madawa zuwa Maraɗi. A Tsarnawa hanya ta rabu, reshe ɗaya ya yi arewa ta Gidan Idar da Badagishiri da ke cikin gundumar Illela, zuwa Tawa, daga nan sai Agadas da Arlit. Kudu da Ƙonni kuma, ƴan kilomitoci kaɗan, ga ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato, mai cin kasuwa ranar Lahadi.

Wannan ya sa mota ba ta yanke wa yankin. Manyan motoci na ɗaukar siminti daga Malbaza, inda ake sarrafa shi tun shekarun 1960. Wasu na lodin albasar Galmi zuwa ƙasashen bakin teku. Ga motocin dabbobi ranar Alhamis a kasuwar Badagishiri, ga manyan bas-bas na kamfanonin sufuri, ga ƴan kabu-kabu da adaidaita a kowace kwana.

Mafi yawan ƙananan motocin nan na hannu ne. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci kimanin miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka. Shekara da shekaru ta tashar Kwatano suka riƙa shigowa Nijar, su ƙetaro ta Gaya. Bayan sauyin mulki na Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso. Tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin sufuri ya ƙaru, mai tsohuwar mota kuma ya ƙara riƙe abarsa, yana gyara ta yana ƙara mata abin da ba ta zo da shi ba.

Abin da ake ɗora wa mota

Ta farko a jerin ita ce na'urar bin sawu ta GPS. Satar motoci da babura, da rashin tsaron da ke taɓa ƙauyukan bakin iyaka, sun sa masu abin hawa neman hanyar sanin inda dukiyarsu take. Mai motocin haya ma yana so ya ga inda direbansa ya kwana. Irin wannan na'ura na buƙatar wuta dare da rana, da layin waya a cikinta. Wasu ana haɗa su da wayar famfon mai, yadda mai mota zai iya kashe injin daga nesa da saƙon tarho.

Sai manyan fitilun LED da ake ɗaurawa a goshin mota saboda tafiyar dare, da ƙahon iska, da rediyo mai allo, da manyan lasifikoki, da ƙarin wuraren cajin tarho don fasinjoji, da fanka, da ƙaramin firij, da kyamarar da ke ɗaukar hoton hanya.

Akwai kuma wayoyin da mai mota bai san da su ba. Motar da ta fito daga gwanjon Amurka ko Kanada kan zo da ragowar abin da masu ita na farko suka haɗa: ƙararrawar ɓarayi, na'urar tayar da inji daga nesa saboda sanyin ƙasarsu, ko na'urar da mai bayar da bashin mota ya ɓoye don ya hana ta tashi idan ba a biya shi ba. Wani lokaci kuma akan tarar da siririyar waya ta leƙo daga bayan madubin tsakiya, alamar an taɓa haɗa na'urar gano radar.

Na'urar gano radar: asalinta da iyakarta

Ƴan sandan Amurka sun fara auna gudun motoci da radar tun ƙarshen shekarun 1940. Na'urarsu tana harba igiyar rediyo kan motar da ke tafe, igiyar ta dawo da ɗan sauyi, daga wannan sauyi ake lissafa gudun. A 1968 wani injiniya mai suna Dale Smith ya ƙera akwatin da ke jin wannan igiya tun daga nesa ya yi ƙara, aka sa masa suna Fuzzbuster. Kasuwarsa ta buɗe sosai bayan 1974, lokacin da Amurka ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin awa, wato kusan kilomita 90, saboda tsadar mai.

Amfaninta guda ne: ta sanar da direba cewa ana auna gudu a gaba, ya taka burki kafin a kama shi. Masu haɗa ta kai tsaye da wayoyin mota suna yin haka ne don ta kama da zarar an murɗa makulli, don kada waya ta riƙa lilo a gaban gilashi, wasu kuma don kada jami'i ya gan ta.

Ƙasashe sun sha bamban a kanta. A Amurka an yarda da ita a ƙananan motocin gida, ban da jihar Virginia da birnin Washington, amma an haramta ta a manyan motocin kasuwanci a duk ƙasar. A Faransa mallakarta ma laifi ne: tarar da ke kai yuro 1,500, cire maki shida daga lasin tuƙi, da ƙwace na'urar. Jamus ma ta hana direba amfani da ita.

Ita kanta na'urar ba ta cika abin da ake zato ba. Sababbin na'urorin auna gudu da yawa da hasken laser suke aiki, kuma kafin akwatin ya yi ƙara an riga an ɗauki gudun. Tana kuma yawan ƙarar banza, domin wasu motocin zamani na fitar da irin wannan igiya daga na'urorinsu na lura da gefe.

A hanyar Ƙonni zuwa Tawa kuwa, abin da ke tare direba shi ne shingen jandarma, ƴan duwan, wurin biyan kuɗin hanya, tudun rage gudu a bakin ƙauyuka, rami, amalanken jaki da garken shanu. Babu ko ɗaya cikinsu da wannan akwati ke ji.

Abin da ke ƙarƙashin roba

Ƙaramar mota da wuta mai ƙarfin volt 12 take aiki, manyan motocin kaya kuma galibi 24. Ƙarfin bai kai ya kama mutum ba, shi ya sa ake raina shi. Amma batirin mota na iya sakin wuta mai yawan gaske cikin ƙiftawar ido idan waya mai rai ta taɓa ƙarfen mota. Wayar ta yi ja, robarta ta narke, abin da ke kusa ya kama.

Fiyus ne ke hana haka. Ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya tsinke kafin waya ta ƙone, kuma kowane yana da lamba da launi: ja na amfiya 10, shuɗi na 15, rawaya na 20, kore na 30. Kamfani ya auna kaurin kowace waya da fiyus ɗin da ya dace da ita. Wanda ya jawo sabuwar waya daga kan batir ba tare da fiyus ba ya bar hanyar wuta ba mai tsaro. Haka wanda ya ga fiyus na yawan tsinkewa ya sa mafi girma, ko ya naɗa zaren waya a gurbinsa. Tsinkewar nan gargaɗi ce, shi kuma ya toshe bakin mai gargaɗin.

Yanayin yankin na ƙara tsananta lamarin. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Gam ɗin salatif na narkewa, naɗin ya saki. Girgizar hanyar laterit na sassauta wayar da aka murɗa da hannu, ƙura ta shiga, wurin ya riƙa ɗumi. Wayoyi masu araha da yawa kuma ba tagulla zalla ba ne, sanholo ne aka shafa wa tagulla, ba sa ɗaukar wutar da kaurinsu ke nunawa.

Motocin da aka ƙera cikin shekaru ashirin da suka wuce sun zo da wata matsalar. A tsohuwar Peugeot 504 kowace waya wuta kawai take kaiwa. A motar yau akwai ƙananan kwamfutoci da dama da ke magana da juna ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a shekarun 1980 mai suna CAN. Idan aka soka fitilar gwaji cikin irin wannan waya, ko aka jingina mata wata na'ura, saƙo na iya rikicewa tsakanin inji, giya da burki. Wani lokaci ƙwaƙwalwar motar ce ke ƙonewa, kuma kuɗinta ya ninka na na'urar da aka zo haɗawa sau da yawa.

Wayoyin jakar iska, waɗanda galibi ke da mahaɗi mai launin rawaya, ba a taɓa su. Ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, inda ake son bi da wayar kyamara ko ta na'urar gano radar, a motoci da yawa nan jakar iska ta gefe take naɗe. Wayar da aka gitta a gabanta na iya hana ta buɗewa daidai ranar da ake buƙatarta. A motoci masu haɗa fetur da lantarki kuma, wayoyi masu launin lemo na ɗauke da wutar da ke kisa.

Batirin da ke mutuwa a tsaye

Ƙorafin da ya fi yawa bai kai gobara ba, amma yana cin kuɗi. A mota akwai layin da ke da wuta kullum, akwai wanda sai an murɗa makulli. Na'urar da aka haɗa da layin farko ba ta barci.

Lissafin mai sauƙi ne. Na'urar da ke jan rubu'in amfiya za ta sha kusan amfiya-awa shida a kwana ɗaya. Batirin ƙaramar mota na ɗaukar wajen sittin. Idan Alhaji ya ajiye motar ya yi tafiyar kwana biyar, rabin batirin ya tafi, kuma batirin da zafi ya riga ya gajiyar ba zai tayar da inji a haka ba. Batirin da ake yawan bari ya sauka ƙasa kuma ba ya daɗewa.

Daga nan rigima ke farawa. Mai mota ya koma wa mai batir ya ce an sayar masa da jabu. Mai batir ya ce a duba dainamo. Mai gyara ya canza dainamo, matsala na nan. Ana iya canza batir biyu kafin wani ya tuna da ƴar wayar da aka ɗaura watanni baya.

Garantin takarda

Sabuwar mota daga hannun wakilin kamfani, irin Hilux da Land Cruiser da ma'aikatu, ƙungiyoyin agaji da manyan ƴan kasuwa ke saye a Yamai, tana zuwa da garanti a rubuce. Abin da aka fi sani shi ne shekara uku ko kilomita dubu ɗari, duk wanda ya riga cika. Alkawarin ya shafi aibin da ya fito daga ƙira. Kusan kowane littafin garanti na cire lalacewar da ta samo asali daga sauyin da aka yi wa mota ko kayan da ba na kamfani ba.

Mutane kan yi wa wannan fahimta biyu, duka ba daidai ba. Wasu na ganin da zarar an haɗa ko da caja ce, garanti ya faɗi gaba ɗaya. Wasu kuma na ganin tunda takarda na hannu, komai ya lalace kamfani zai gyara. A ƙa'ida, abin da sauyin ya lalata shi ne ke fita daga alkawari. Wayar kyamara ba ta da alaƙa da ɗigar mai daga giya. Amma idan ƙwaƙwalwar mota ta ƙone aka buɗe aka ga an fere waya kusa da ita, mai mota ya shiga wahalar kare kansa.

Amurka ta rubuta wannan a doka tun 1975. Dokar Magnuson-Moss ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan wani kamfani, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Tarayyar Turai ma ta ba mai mota damar yin gyaran yau da kullum a garejin da ya ga dama ba tare da ya rasa garanti ba, muddin an bi ƙa'idar aikin. Sai dai waɗannan dokoki ba sa bin mota su ƙetare teku. Garantin da aka bayar a Amurka ko Beljiyam galibi a yankin da aka sayar da motar yake aiki, kuma motar da aka yi gwanjonta bayan haɗari ko ambaliya yawanci ta riga ta rasa shi tun can.

Ga mai sabuwar mota a Malbaza ko Illela akwai kuma nisa. Kai mota Yamai don a haɗa mata na'ura ɗaya tafiyar yini ce da kuɗin mai, ga mai gyara a bakin tasha. Nan ne ake yanke shawarar da ake nadama daga baya.

Garantin baki

Mafi yawan ciniki a yankin ba ya da littafi. Dillali ya kawo mota, an zagaya da ita, makaniki ya saurari inji, an yi salama, an tafa. In an yi sa'a mai sayarwa ya ce a gwada ta kwana kaɗan. Bahaushe ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma da wannan fahimta ake sayen motar hannu.

Duk da haka mai saye ba ya rasa haƙƙi. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Ƙonni da Illela ma ya yi bayanin haka. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa. Idan kuwa wani sabon aibi mai ɓata kaya ya auku a hannunsa, hukuncin ya sauya: ko ya riƙe a rage masa kuɗin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da ya ragu a hannunsa.

Wanda ya sayi mota yau, gobe ya kai aka yanyanka wayoyinta, ya raunana hujjarsa da hannunsa. Idan wuta ta ba da matsala, mai sayarwa zai ce lafiya lau ya ba da ita, kuma shugaban ƴan kasuwar mota ko malamin da aka kai wa ƙara ba shi da hanyar rarrabe tsohon aibi da sabo.

Malikiyya sun kuma yi magana kan masu sana'a. Mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa yana lamunce abin da ya salwanta a hannunsa, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Wannan kariya ce ga mai mota, amma tana aiki ne idan an san wa ya yi aikin, yaushe, kuma me ya taɓa. Motar da hannu huɗu suka shiga cikin wayoyinta ba a iya kama kowa da laifinta.

Inshora ma haka. Wadda doka ta wajabta, ƙarƙashin tsarin CIMA da Nijar ke ciki tare da sauran ƙasashe masu amfani da sefa, tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu ne. Ba ta biyan motar da ta ƙone. Wanda ya sayi ƙarin kariya ta gobara kuma ya sani cewa ƙwararre zai zo ya binciki tushen wutar, kuma tsarin ya wajabta sanar da kamfanin inshora duk sauyin da ke ƙara haɗari.

Kowa da hujjarsa

Masu gyaran wuta ba sa karɓar laifin su kaɗai, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Mai mota ne ke sayo na'ura mafi araha, ya ƙi biyan kuɗin gidan fiyus da waya mai kyau, ya tsaya a kansu yana duba agogo. Yawancinsu a hannun maigida suka koyi aiki, kan motocin da ba su da kwamfuta. Taswirar wayoyin sababbin motoci ba ta zuwa hannunsu, na'urar binciken kwamfutar mota kuma tana da tsada. Cikinsu akwai gwanayen da ke tayar da motar da aka fid da rai da ita.

Wakilan kamfanoni na cewa ba za su biya ɓarnar aikin da ba su yi ba, ba su kuma gani ba. Masu motocin haya da na kaya na cewa na'urar bin sawu ta zama dole, domin mota ɗaya ita ce jarin gida gaba ɗaya. Wannan ma gaskiya ne, ko da yake na'urar da ke da layin Nijar kaɗai na iya yin shiru da zarar mota ta yi nisa cikin Najeriya, kuma kashe inji daga nesa alhali mota na gudu haɗari ne ga duk wanda ke ciki.

Direbobi kuma na kukan lokaci: albasa ba ta jira, fasinja na gaggawa, mai mota na jiran kuɗin yini. Shi ya sa tun kafin kowace na'ura suke da tasu hanyar gargaɗi, ta ƙyafta wa juna fitila idan akwai jami'ai a gaba.

Gudun da ake son ɓoyewa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗuran hanya na kashe kusan mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba duk da ƙarancin motocinta. Hukumar ta ce ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da wajen kashi huɗu.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai kan burki. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da burki ke buƙata ya ninka huɗu. Hanyoyin yankin nan kuma ta tsakiyar garuruwa suka ratsa. A Galmi, Tsarnawa da Badagishiri kasuwa da makaranta da masallaci duk a bakin gudron suke.

Hukumomi sun fuskanci wata alƙibla ce daban. Hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu a Fabrairun 2017, kuma ta ce sai wakilan da aka amince da su za su haɗa ta, su ba da takardar shaida. Wannan ya shafi direbobin da ke bin hanyar Illela zuwa Sakkwato. A Tarayyar Turai, tun Yulin 2024 kowace sabuwar mota na fitowa da tsarin da ke faɗakar da direba idan ya wuce iyakar gudu. A Nijar hukumar ANISER ce ke da alhakin wayar da kai kan tsaron hanya.

Sauran na'urorin ƙari kowace na da wata fa'ida da za a iya karewa: wata na tsare dukiya, wata na haska hanya, wata na ajiye shaida idan an yi karo. Na'urar gano radar tara kawai take kare wa direba, ta bar shi da gudunsa, ta bar mai tafiya a ƙasa da haɗarinsa. Ba ta cancanci a taɓa waya ko ɗaya saboda ita ba.

Yadda ake aikin ƙwarai

Ga na'urar da ake da buƙatarta, hanyar tsira sananniya ce. Abin da zai iya aiki daga gurbin caja a bar shi nan, domin ana zare shi ba tare da ya bar tabo ba. In dole sai an haɗa, a ɗauki wuta daga akwatin fiyus da ɗan mahaɗin da aka yi don haka, wanda ke ba sabuwar na'ura nata ƙaramin fiyus ba tare da an yanke komai ba. A zaɓi layin da ke mutuwa da makulli, a guji na jakar iska, burki da inji. Fitilu da lasifikoki masu jan wuta da yawa a ba su tasu waya mai kauri, da fiyus dab da batir. Duk mahaɗi a like shi da dalma ko a matse shi da kan waya, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. A cire kan batir kafin a fara, a auna abin da mota ke ja a kashe bayan an gama.

Mai sabuwar mota ko sabon babur ya kira wakilin da ya sayar masa tukuna, ya nemi amsa a rubuce, ko da saƙon tarho ne. Mai motar hannu ya bari kwanakin gwaji su wuce kafin a taɓa wayoyinta, ya sa a cire duk tsohuwar wayar da ba a san aikinta ba. Kowa ya ɗauki hoton wurin kafin aiki da bayansa, ya karɓi ƴar takarda mai kwanan wata, sunan gareji da abin da aka haɗa.

Sauran aikin na hukuma ne da ƙungiyoyin sana'a. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin ƙananan hukumomi, da asusun FAFPA mai tallafa wa horon masu sana'a, za su iya shirya gajerun darussa kan wutar motocin zamani ga waɗanda ke bakin aiki a Ƙonni, Malbaza da Illela. Ƙungiyoyin makanikai za su iya haɗa kuɗi su sayi na'urar bincike ta tarayya, su kuma mayar da ba da takardar aiki al'ada. Masu duba lafiyar motoci su riƙa leƙa akwatin fiyus kamar yadda suke duba taya da burki. A yankin da mafi yawan motoci ba su da wani kamfani a bayansu, ingancin hannun mai gyara da takardar da ya sa wa hannu su ne garantin da mai mota zai iya dogara da shi, don haka ya cancanci a horar da mai gyaran, a biya shi kuɗin aikin ƙwarai, a kuma tambaye shi idan aikin ya ɓaci.